Ranar da Gaddama Ta Cinye Layi

A bayan tashar mota, tsakanin shagon mai facin taya da na mai sayar da fenti, akwai wata ƙaramar maɗaba'a da wa da ƙanwa suka gada daga mahaifinsu. Wan shi ne manaja. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, kuma mutum ne da idan aka fara ɗaga murya a gabansa sai ya tuna yana da uzuri a banɗaki. Ƙanwar kuwa tun tana budurwa take buga rubutu a wurin, har sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa sai Tafireta. Yaya ne kaɗai yake ce mata Auta, ko da yake furfura ta riga ta leƙo ta gefen ɗankwalinta.

Teburinta yana jikin taga, inda mahaifinsu ya ajiye ta da hannunsa. Abin da take tinƙaho da shi ɗaya ne: ba ta kallon yatsunta, ba ta kallon allo. Idonta na kan takardar da aka kawo, kunnenta na kan titi. Tana buga katin gayyata tana jin wanda matarsa ta yi yaji a layin, da wanda ya sayi babur bai gaya wa uwarsa ba, kuma harafi ɗaya ba zai kauce ba. Lokacin da aka jingine tafireta aka kawo kwamfuta ma ba ta girgiza ba, ta ce ai haruffan suna nan inda ta bar su.

Sai 'yar Yaya ta yi aure. Mijin dogo ne mai tabarau, ana ce masa Injiniya, kuma gaskiya ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalarsa ita ce idan ya san abu sai duniya ta san ya sani. Ya dubi kwamfutocin shagon da suka tsufa suna sandarewa, ya ce wa surukinsa ba sai an sayi sababbi ba. Zai wanke cikinsu tas, ya zuba musu wani tsari mara nauyi wanda ba ya buƙatar hotuna, umarni kawai ake rubuta masa. Yaya da ya ji ba za a kashe ko sisi ba ya ce Allah ya yi albarka.

Da safe Tafireta ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfutarta, ta kunna. Allo ya fito baƙi wuluk. Babu 'yan hotunan da ta saba dannawa, babu farar takarda, linzamin ma an cire an naɗe wayarsa an ajiye a gefe. Sai wani ɗan farin tsinke a ƙuryar sama yana ƙifta mata ido.

"Injiniya, zo ka ga, ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Gwaggo. Ke take jira."

"Ni take jira in yi mata me? In yi mata gaisuwar rashi?"

Ya ja kujera ya zauna yana murmushin nan nasa. Ya ce ta ɗauka cikin kwamfutar gida ne mai ɗakuna, an ɗauke wuta. Idan ta buga ls, za a gaya mata abin da ke cikin ɗakin da take tsaye. Idan ta buga cd da sunan ɗaki, ta shiga ke nan. Ya buga, sunayen fayiloli suka zubo. Ya sake bugawa, wasu suka zubo. Ita dai ba allon take kallo ba, hannunsa take kallo.

Kafin azahar Yaya ya kira ta ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya yi ta gyara takardun da ba su karkace ba.

"Auta, kin ga teburin ninke takardu na can baya ba kowa. Zama ne mai sauƙi, ki ninke, ki danna sitefila. Na ce a sa miki kujera mai katifa. Shi yaron nan zai iya haɗa bugun da tsarawar."

"Na ce maka na gaji ne?"

"Ba ki ce ba. Sabon tsarin ne, ya ce sai wanda ya karanta."

"Teburin baya da ko taga babu. Yaya, Baba ne ya zaunar da ni a kujerar can. Kai a lokacin tawada kake damawa kana shafa wa rigarka."

Yaya ya dubi ƙofar banɗaki, amma ta tsaya a hanyar. Da ya ga ba wurin gudu, sai ya jawo wani kundi daga aljihun tebur. Dokokin ƙungiyar masu walda ne, rubutun hannu, sakatarensu ya kawo a mayar da shi ɗan littafi. Ya ce to, ga wannan. Idan ta fitar da shi daidai a sabon tsarin, taga tata ce. Idan aka samu matsala, ta koma baya ba tare da surutu ba. Ta karɓi kundin ta sa a hammata, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Injiniya ya ce kafin ta fara sai ta zaɓi edita, wato manhajar da ake rubutu a cikinta. Guda biyu ya sa. Ya buɗe na farko, sai ga rubutu a jere a ƙasan allo yana bayani: danna kaza ka adana, danna kaza ka fita.

"Wannan shi ne naki, Gwaggo. Kina buɗewa ki fara bugawa, ba abin da zai cije ki. Da shi ake fara koya wa yara."

"Ɗayan fa?"

"Ɗayan nawa ne. Ba ya bayani, ba ya lallashi. Na san masu digiri da suka shiga suka kasa fita."

"Buɗe mini."

Ya buɗe. Allo ya yi tsit, babu ko kalma ɗaya ta maraba. Ta dube shi ta ce wancan na farkon fara'arsa ta yi yawa, kamar dillali. Wannan miskilin shi take so. Tun daga nan sunayen suka bi su, Mai Fara'a da Miskili.

"Gwaggo, zai wahalar da ke."

"Na zauna da mijina, na zauna da surukinka. Tashi ka ba ni wuri."

"To idan kin maƙale ki kira ni."

"Ranar da na kira ka, ka sa a yi shela."

Tana zama ta ɗora yatsu ta fara kamar yadda ta saba. Na'urar ta yi ƙara, ƙit. Ta sake bugawa, ƙit, ƙit. Da ta saci kallon allon, babu abin da ya fito sai wasu haruffa biyu da ba ta san daga ina suka zo ba. Mai facin taya da ke leƙowa ta taga ya tambaya ko tsuntsu aka kawo. Ta ce ya je ya ji da tayoyinsa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne fita. Ta danna duk abin da ya yi kama da ƙofa, Miskili ya ƙi sakinta. Da lokacin tashi ya yi ta lulluɓe kwamfutar da ƙyalle a kunne, ta ce wa Yaya sabon tsarin ba ya son a riƙa kashe shi. Washegari ma haka. Ba don an ɗauke wuta da rana ba, da Allah kaɗai ya san ranar fitowarta. Injiniya ya ɗago kai daga nasa teburin ya ce, "Gwaggo, kin fita?" Ta ce, "Da ƙafata."

Amma ba zaune take kawai ba. Wanda ya shekara yana buga rubutu yana karanta yatsun mutum kamar yadda wasu ke karanta jarida. Sai ta haɗa shayi, ta je ta tsaya a bayan Injiniya wai tana tambayar lafiyar matarsa, 'yar wanta, ko ƙafar ta daina kumbura, ko tana cin abinci. Shi yana amsawa yana aiki, ita tana kwashe hannunsa. Ta lura kafin ya fara rubutu sai ya taɓa harafin a. Idan ya gama sai ƙaramin yatsansa ya haura can ƙuryar hagu ta sama ya taɓa wani maɓalli da aka rubuta wa Esc, ita ta raɗa masa suna Tsaya. Daga nan ɗigo biyu, sai w, sai ya danna babban maɓallin shiga. Ta gane adanawa ke nan. Fitar ce ta daɗe ba ta gani ba, domin bawan Allahn nan ba ya fita daga Miskili sai zai tafi gida. Dole ta yi jinkiri wata yamma tana neman makullin da ke cikin jakarta, har ta ga ya ƙara q a bayan w. Harafi ɗaya tal. Ta yi tsaki har ya waiwayo.

A gida ta ba maigidanta labari. Tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi, yanzu aikinsa rediyo da gyaran fankar da ba ta lalace ba.

"Na gane halinsa. Irinka ne sak. Yana da fuska biyu. Idan ka taɓa a, ya zauna yana saurare, duk abin da ka faɗa ya rubuta. Idan ka taɓa Tsaya, ya miƙe tsaye, kowace kalma ka furta sai ya ɗauke ta umarni ya zabura."

"Ni yaushe na taɓa zabura?"

"Ranar da na ce gishiri ya kusa ƙarewa ka dawo da buhu."

"To ki koma wa mai sauƙin mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Shi ma zai sani, ya je ya gaya wa 'yata a kan filo."

Cikin 'yan kwanaki hannunta ya faɗa. Ta buga ls ta ga ɗakinta, ta shiga da cd, ta buɗe Miskili, ta taɓa a, sannan ta mayar da idonta kan kundin masu walda da kunnenta kan titi. Ƙarar madannai ta dawo shagon kamar ruwan sama a kan kwano. Tun da wuta ta taɓa tafiya da aikinta, ta ɗauki al'adar adanawa duk lokacin da za ta juya shafi: Tsaya, ɗigo biyu, w, shiga, juya takarda, a, ci gaba. Idan ta manta da a ɗin, harafi na farko ko na biyu na'urar za ta yi ƙit, sai ta gyara. Ƙarar da ta fara ba ta haushi ta zama mai gadinta. Saboda haka ba ta ga dalilin kallon allo ba, kuma da ta kai ƙarshe ba ta ga dalilin bin aikin daga farko ba. Ba ta taɓa yi ba tun zamanin tafireta, ba kuma a gaban Injiniya za ta fara ba.

Shi ma da ta tura masa fayil ɗin bai karanta ba. Ya zuba shi a tsari, ya sa bango, ya fitar da kwafin dubawa. Daga baya ya ce ya ɗauka ta duba. Wasu sun ce da gangan ya ƙi, amma mai fenti ne ya faɗa, shi kuwa ko gaisuwa ya kawo maka sai ka tace.

Sakataren masu walda ya zo da hantsi. Gajere ne mai kauri, da tabo a goshi, yana magana da ƙarfi saboda ƙarar ƙarfe ta taɓa masa kunne. Aka ba shi kujera a tsakiyar shago da kofin shayi. Ya ce shi ba ya yarda da rubutu sai ya ji shi da kunnensa, ya fara karantawa a fili. Sharuɗɗan shiga ƙungiya lafiya. Zaɓen shugabanni lafiya. Tafireta tana zaune a bakin taga ta harɗe hannu, tana kallon Injiniya ta wutsiyar ido.

Sai Sakatare ya kai babin zaman taro, ya tsaya, ya matso da takardar kusa da hancinsa.

"Uma ta tashi a ji wa wani ciwo." Ya ɗago. "Wace ce Uma?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mu ba mu da mace a ƙungiya. Kuma ko da muna da ita, don me za ta tashi a ji wa wani ciwo?" Ya buɗe shafukan gaba da sauri, ya dawo baya. "Ina dokar guduma? Na rubuta da hannuna, kowa ya ajiye guduma a waje kafin ya shiga taro. Saboda dokar nan kaɗai muka ce a buga littafin." Ya nuna tabon goshinsa. "Kun ɗauka wannan ado ne?"

Ya juya zuwa shafin ƙarshe, sai ga wani guntun zance a rataye a ƙasa kamar jela: "ban ƙungiya ne zai buɗe taro, shi ne kuma zai rufe." Ya ce wannan kuma uban ƙungiyar ne aka sare wa kai aka jefar a bayan gari.

Mai facin taya ya ƙyalƙyale a bakin taga. Yaya ya fara duban ƙofar banɗaki. Injiniya ya cire tabarau yana gogewa, ya ce cikin murya mai laushi, irin wadda ta fi zagi ciwo, "Na dai faɗa, Baba. Da Mai Fara'a aka yi amfani da shi da ba a kai nan ba."

Tafireta ta miƙa hannu. Ta karɓi kundin rubutun hannun ta nemo wurin. Ga shi nan sarai. Layi ɗaya: "Uban ƙungiya ne zai buɗe taro, shi ne kuma zai rufe." Layi na biye, na ƙarshe a shafin: "Kowa ya ajiye guduma a waje kafin ya shiga, domin kada". Sai a juya takarda: "gaddama ta tashi a ji wa wani ciwo." Ta tuna lokacin. Daidai juya shafin nan ne matar mai fenti ta zo wucewa da akwati a ka, kuma duk mai hankali ya san dole a ga inda ta nufa.

Yaya ya yi gyaran murya. "Auta, magana ta ƙare. Mun yi da ke." Ya tafi baya da kansa, ya ɗauko babban sitefilan nan mai nauyi, ya zo ya ajiye a kan teburinta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. "Ki fara sabawa da shi."

Ba ta tashi ba. Ta ɗaga sitefilan ta danne kundin da shi don kada iskar taga ta juya shafi.

"Yatsuna ba su taɓa tsallake layi ba. Injiniya, taso."

"Kirana kike yi, Gwaggo? A yi shelar?"

"Ba taimako na kira ka ba, shaida na kira ka. Zo ka ga abin da kayanka ya aikata."

Ta buɗe sabon fayil, ta buga layukan nan biyu. Ta taɓa Tsaya, ta adana. Sannan ta ɗaga hannu ta nuna musu cewa ba za ta taɓa a ba, kamar yadda take zargin ta yi a ranar. A karo na farko tun da ta fara aiki a shagon, ta kafa idonta a kan allo tana bugawa. Da yatsa ɗaya, a hankali, ta buga kalmar gaddama.

Ta buga g da a, wasu lambobi suka fito a ƙasa, ba ƙara. Ta buga d, shiru. Ta sake buga d, sai layin guduma ya ɓace ɗungurungum, ɗan tsinken ya yi tsalle ya koma kan U na Uban. Ta buga a, Miskili ya zauna yana saurare. Ta buga m da a. Ga Uma nan ta bayyana a gaban kowa.

"To ga ta," in ji Sakatare. "Ashe a nan aka haife ta."

Injiniya ya manta da cewa faɗa ake yi. Ya sunkuyo har tabarau na zamewa, bakinsa a buɗe. Ya ce a sake. Ta sake. Ya fara lissafawa da yatsu: g da a umarni ne na nuna lambar harafi, d biyu umarnin share layi ne, a kuma ta buɗe rubutu. Kalmar gaba ɗaya babu harafin banza a cikinta, shi ya sa na'urar ba ta yi ƙara ba. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin kalmar da ta yi haka ba, sai ya gaya wa abokansa.

"Kafin ka gaya musu," in ji Tafireta, "gaya wa surukinka. Na rubuta gaddama daidai ko ban rubuta daidai ba?"

"Kin rubuta daidai, amma..."

"To kayanka ne ya lalace."

"A'a, Gwaggo, editan nan ba ya kuskure. Abin da aka ce masa shi ya yi. Babu kamarsa a duniya."

"Babu kamarsa, shi ne kake cewa in bar shi in koma wa na yara?"

Injiniya ya gyara tabarau. Ya ce laifin ai na rashin kallon allo ne. Ta ce wannan ta ji, daga yau za ta riƙa kallonsa kamar yadda ake kallon ɗan haya, amma shi da ya sa sunansa a bango, idonsa ciwo yake da bai karanta ba? Yaya ya ce shi dai an yi sharaɗi. Sakatare ya ce shi ba ruwansa da sharaɗinsu, a mayar masa da gudumarsa kafin shayinsa ya huce, in ba haka ba akwai wata maɗaba'ar a gaba.

Tafireta ta juya ga allo. Sai a nan ta yi abin da ta rantse ba za ta yi ba, kuma ta yi shi ba tare da ta dubi kowa ba.

"Idan ya share abu, da me ake ce masa ya dawo da shi?"

"Tsaya, sannan u," in ji Injiniya. Ya so ya ƙara bayani, ta ɗaga masa hannu.

Ta gwada a fayil ɗin gwajin. Ta danna u, Uma ta tafi. Ta sake dannawa, layin guduma ya dawo inda yake. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. A ainihin littafin u ba zai yi aiki ba tunda an riga an rufe shi an sake buɗewa, don haka ta gyara da hannu. Ta gangara ƙarshe ta share jelar, ta haura ta mayar wa uban ƙungiya da kansa, ta sake buga dokar guduma. Sannan ta bi littafin tun daga farko, layi bayan layi, idonta a kan allo, ko da matar mai fenti ta dawo da akwatin nata a daidai lokacin, tare da ƙanen babanta yana ba ta baki. Tafireta ba ta waiwaya ba. Wanda ya san ta ya san wannan ya fi komai yi mata ciwo a ranar.

Aka sake fitar da kwafi. Sakatare ya karanta babin da ƙarfi har mai fenti ya ji, ya shafa goshinsa, ya ce a buga. Ya shanye shayin ya tafi.

Sitefila dai yana nan a kan teburin. Yaya yana tsaye yana sosa ƙeya, ya ce, "Auta, ba wai ba ki iya ba ne. Amma magana idan an yi ta..."

Ta mayar da ido kan allo. Ta buga ls, ta ga fayil ɗin bangon baya, ta buɗe shi a cikin Miskili. Sunan maɗaba'ar ne a sama, a ƙasa kuma layi guda: tsarawa, da sunan Injiniya, da dogon muƙaminsa har da haruffan da ke biye da shi. Ta sauko da ɗan tsinken ta ajiye a kan layin. Ta dubi Injiniya, ta danna d sau biyu.

"Gwaggo, sunana ne. Danna u."

"Na san u. Kai ka koya mini."

"To danna mana, kada ki adana shi a haka."

Ta ɗora yatsa a kan maɓallin ɗigo biyu, kamar mai shirin adanawa. Da ɗaya hannun ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Sitefilan nan ya tare mini haske. Ka mayar da shi inda aka ɗauko shi, sai mu yi maganar u."

Injiniya ya dubi surukinsa. Yaya ya dubi rufin ɗaki, ya dubi agogo, sannan ya ce bari ya zaga, ya shige banɗaki ya ja ƙofa. Aka ji ƙarar sakata.

Injiniya ya dubi ƙofar banɗakin. Sannan ya rungumi sitefilan da hannu biyu, ya kai shi teburin baya, ya dawo yana kaɗe riga. Tafireta ba ta yi sauri ba. Sai da ta shanye shayinta, ta leƙa ta taga ta tambayi mai facin taya ko matar mai fenti ta shiga da akwatin ko a waje aka tsaya, ta ji amsa dalla-dalla. Sannan ta danna u, sunan ya dawo. Ta buɗe sabon layi a samansa ta rubuta nata, ta taɓa Tsaya, ɗigo biyu, w, q.

"Idan surukinka ya fito," ta ce, "ka gaya masa ya kawo aiki na gaba."